Hemar Rufaida Da Asibitin Kan Iyaka

 A makon jiya na yi wa masu karatu alkawarin ci gaba da bayani a kan hukuncin sayar da kaya bashi tare da ƙarin farashi. Ina neman gafara, na ɗage wannan zuwa gaba, saboda wani abu da idona ya gani a Jibiya ya hana ni sakat.

Ranar Lahadi ce, ranar da kasuwar garin take ci, na je ta'aziyya. A tasha na zauna kusa da wani saurayi da ya rako matar wansa, tana goye da yaro wanda ba zai wuce shekara biyu ba. Da ta sauke shi don ta ba shi ruwa sai na ga ƙafafunsa sun kumbura, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, ko kuka ba ya iyawa. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san tamowa idan ya gan ta. Na tambayi saurayin ko Katsina za su. Ya ce, "A'a, Allah gafarta Malam, Ɗan Isa za mu ƙetara." Ya ba ni labari cewa sau uku suna zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da ƙauyensu. Zuwan farko suka tarar da ƙofa a garƙame. Na biyu aka ce malamin asibitin ya tafi gari wajen taro. Na uku suka same shi, ya duba yaron da kyau, amma ya ce ba shi da abin ba shi, ya rubuta takarda. Kuɗin akuyar da suka sayar kuwa ya riga ya ƙare a kemis. Tsakanin zuwan farko da wannan Lahadin an yi kwana ashirin da wani abu.

Ban ga laifinsu ba ko kaɗan don sun nufi Nijar. Mutanen Maraɗi da Madarumfa da Ɗan Isa Katsinawa ne kamar mutanen Jibiya, tun da sarakunan Katsina na dauri suka koma can bayan jihadi, kuma har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi. Iyakar da ke tsakani Ingila da Faransa ne suka ja ta a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906. Ciwo bai san da ita ba, ruwa ma bai san da ita ba, domin ambaliyar da ta ci mutum fiye da 40 a Jibiya a watan Yuli na 2018, har cikin Nijar ta kai wasu gawawwakin. Kuma tun 2006 gwamnatin can ta sa doka cewa a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, ga kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF da ta daɗe tana jinyar yara masu tamowa a wannan yanki. Uwa kuwa inda ta ji ana warkewa nan take nufa.

Amma fa wanda ya dogara da rijiyar maƙwabci, ran da aka rufe ƙofar gidan zai kwana da ƙishirwa. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilu na 2022. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Mu 'yan kasuwa da masu hulɗa da su mun yi ta lissafin asarar shinkafa da dabino da motocin da suka yi jerin gwano a Magama. Ban ji wanda ya yi lissafin matan da suka riƙa bin daji da goyo a kan babur don su kauce wa shinge ba. A 2021 MSF ta fara aiki a wannan ɓangaren namu, har da Jibiya. A watan Yuli na 2025 ta ba da sanarwa cewa yara 652 sun mutu a wuraren jinyarta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, ta kuma ce rashin samun kulawa da wuri shi ne dalili. Watau yaran sun isa, amma sun isa a makare.

To, wannan magana ta isa da wuri ita ce ta kai ni ga hemar Rufaida. Malaman sira sun kawo cewa Rufaida, Allah ya yarda da ita, mace ce daga kabilar Aslam, tana da hema a cikin masallacin Madina inda take jinyar masu rauni da waɗanda ba su da mai kula da su. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, a shekara ta 5 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umurni a sa shi a wannan hema, kuma dalilin da ya bayar shi ne don ya riƙa duba shi daga kusa. Na karanta wannan ƙissa tun ina almajiri, na karantar da ita sau da dama, amma sai a tashar Jibiya na lura da nauyin wannan dalili. Wurin jinya na farko a tarihin al'ummar nan ba shi da bango ba shi da rufin kwano. Abin da yake da shi kusanci ne: yana tsakiyar gari, inda kowa ke zuwa sau biyar a yini, mai aikinsa tana nan ba ta tafi ko'ina ba, kuma ba a tambayar mai rauni abin da ya zo da shi.

Nisa kuwa iri-iri ne, ya kai mai karatu. Akwai na hanya, wanda kowa ya sani, wanda 'yan bindiga suka ninka shi a ƙauyukan yammacin Katsina har wasu asibitocin suka zama kufai. Amma asibitin da ke bayan gidanka, idan ba a buɗe shi sai hantsi kuma a rufe shi kafin la'asar, to da dare ya fi Kano nisa, alhali kuwa naƙuda da suman zazzaɓin yara sun fi zuwa da dare. Wanda ake rubuta wa takarda a ce ya je ya sayo, in ba shi da kuɗin, shi ma nesa yake da magani ko da yana zaune a kan bencin asibitin. Haka macen da kunya ta hana ta faɗa wa namiji abin da ke damunta, don babu ungozoma ko nas mace a wurin. Haka dattijon da ya zo tun asuba ya karɓi kati, yana gani ana shigar da ɗan wane da matar wane ta ƙofar baya, har ya gaji ya koma gida ya rantse ba zai sake zuwa ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni haushi, domin gyara shi ba ya bukatar ko kwabo.

Magabata sun fahimci haka. A zamanin halifa Muƙtadir a Bagadaza, waziri Aliyu ɗan Isa ya rubuta wa shugaban likitoci, Sinanu ɗan Sabitu, cewa ya yi tunanin mutanen ƙauyukan Sawad, lalle akwai marasa lafiya a cikinsu kuma babu likita kusa da su. Ya umurce shi ya tura likitoci da akwatunan magani su riƙa zagayawa, su zauna a kowane wuri gwargwadon bukata sa'an nan su wuce gaba. Haka ya sa a riƙa shiga gidajen kurkuku kowace rana ana duba fursunoni. A shekara ta 319 ta hijira, watau 931, da wani ya mutu saboda kuskuren mai magani, halifa ya hana kowa yin aikin likita sai wanda Sinanu ya jarraba ya ba shi izini. Shekara fiye da dubu ke nan. Mu kan yi alfahari da babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, kuma ya cancanci alfahari, amma ni a ganina akwatin maganin da aka ɗora wa alfadari aka kai ƙauye ya fi kama da bukatar mutanen Gurbin Ɓaure da Bugaje.

Hukuncin abin a fili yake. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, watau wajibin da in wasu suka tsaya da shi ya faɗi daga kan saura, in kuwa kowa ya bari to kowa ya yi laifi. Har ya koka da mutanen zamaninsa da suka yi cincirindo a kan rassan fiƙihu suka bar garuruwa babu likita Musulmi. Wannan zargi mu malamai ya fara shafa, kuma na karɓi rabona. Mun yi wa'azi a kan tsawon wando da wurin ɗora hannu a salla har murya ta dushe, amma sau nawa aka hau mumbari aka ce wa iyaye su bar 'ya'yansu mata su yi karatun ungozoma? A nan ƙasar tamu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido, kuma littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba kula da maslahar jama'a ta duniya tare da ta addini.

A wajen gwamnati, ba a rasa doka ba. Tun taron Alma Ata na 1978 duniya ta amince cewa ƙaramin asibiti na kusa da gida shi ne tushe. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya gina tsarinsa a kan haka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don irin waɗannan asibitoci, ta kuma haramta a mayar da wanda ya zo cikin halin gaggawa ko da wane dalili. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki sosai, kuma Jihar Katsina tana da mazaɓu 361. A tsarin akwai kwamitin mutanen gari a kowace mazaɓa wanda aikinsa sa ido a kan asibitin da kuɗin da ke shigo masa. Ina so mai karatu ya tambayi kansa ko ya san sunan mutum guda a cikin kwamitin mazaɓarsa.

Yanzu ga 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati. A fiƙihu, wanda aka ɗauka aiki a kan lokaci, lokacin nan ya fita daga hannunsa ya zama na wanda ya ɗauke shi. Albashin sa'o'in da ka yi a shagonka ko a gonarka alhali sunanka yana rajistar aiki, ka nemi sunan da za ka ba shi, ni dai ban sami na halal ba. Amma adalci ya hana ni in tsaya a kan malamin asibitin ƙauye shi kaɗai. Mutum guda ne aka tura shi wurin da ya kamata a ce mutum biyar ne, shi ne mai yanka kati, shi ne mai allura, shi ne mai karɓar haihuwa, babu ɗakin kwana, babu fitila, ga fargabar a zo a ɗauke shi da dare. In aka kira shi taro a hedkwata dole ya kulle ƙofa, don ba shi da wanda zai bar wa. Laifin da ya fi girma yana kan teburin da ake raba ma'aikata. Wanda ya karɓi na goro ko ya ji nauyin wani babba ya mai da nas daga ƙauye zuwa birni, inda an riga an cika, ya sani cewa da alƙalaminsa ya kulle wancan asibiti. Haka mai riƙe da takardar fitar da magani har sai an gan shi. Ofis yana da sanyi, ba a jin kukan kowa a ciki, shi ya sa irin wannan zunubi yake da sauƙin ɗauka.

Akwai kuma gyare-gyaren da ba su jiran kasafin kuɗi. A rubuta a bakin ƙofa, da boko da ajami, lokacin buɗewa da sunan mai aikin dare da abin da yake kyauta da abin da ake biya. A bi layi yadda aka zo, sai fa wanda halinsa ya tsananta a gabatar da shi, ko ɗan waye. A adana katin kowane gida wuri guda, domin amfanin ƙaramin asibiti shi ne ya san mutanensa: ya san wannan gidan suna da hawan jini, waccan ta yi jijjiga a haihuwar fari, wancan yaro bai cika rigakafi ba. An ruwaito daga Abubakar Arrazi, babban likitan Bagadaza, cewa ya shawarci maras lafiya ya tsaya ga likita guda da ya amince da shi, domin mai yawo tsakanin likitoci yana iya kwasar kuskuren kowannensu. Mu kuwa yau kemis, gobe mai tallar magani a tasha, jibi tsallaken iyaka, babu wanda ya san abin da na baya ya bayar.

Tun da na ambaci kemis, to ga 'yan kasuwa. Hadisi ya tabbata a wajen Abu Dawuda da wasunsa cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. Mai shagon da ke yi wa jariri allura don ya ga ana yi, ya shiga ƙarƙashin wannan. Mai shigo da kwalin magani ta bayan fage, bai san inda aka yi shi ba, ya bar shi ya kwana uku a rana a bayan mota, shi ma ya shiga. Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A annobar sanƙarau ta 1995 a Nijar, an yi wa dubban mutane rigakafi da allurar da aka kai daga Nijeriya, daga baya aka gano jabu ce, babu magani a cikinta. Algus a hatsi asarar kuɗi ne, a magani kuwa rai ne.

Sau da yawa alhazai kan tambaye ni ko ya halatta su gina asibiti da zakka. Amsar mazhabarmu ita ce a'a. Zakka tana da masu ita guda takwas, ba a gina masallaci ko ganuwa da ita, to haka asibiti. Abin da ya halatta shi ne a ba matalaucin da ba shi da lafiya a hannunsa ya sayi magani, kuma wannan yana cikin mafi kyawun wuraren sa ta. Ƙofar da aka buɗe wa gini da kayan aiki ita ce waƙafi, wanda littattafanmu ke kira hubusi, kuma da shi aka riƙe asibitocin Alƙahira da Dimashƙa ɗaruruwan shekaru. A nan Malikiyya suna da wani sauƙi da mutane da yawa ba su sani ba: ba sharaɗi ba ne waƙafi ya zama na har abada, kuma ba sharaɗi ba ne ya zama ƙasa ko gida. Mutum yana iya hubusantar da kuɗin hayar shago guda na shekara biyu don a biya mai gadi da ungozomar dare. Yana iya tsayar da mota ko keke mai ƙafa uku don ɗaukar mai naƙuda zuwa babban asibitin Jibiya ko Katsina. Yana iya sa na'urar hasken rana da firjin ajiye rigakafi, ko ya gina wa ma'aikaci ɗaki biyu a cikin harabar don ya riƙa kwana a nan. Na san unguwa mai masallatai huɗu a layi guda, kowanne da hasumiya, ba a cika sahu biyu a ko ɗaya, asibitin unguwar kuwa da fitilar waya ake karɓar haihuwa. Ban ce gina masallaci ba lada ba ne, Allah ya tsare ni. Na ce farillar da aka bari ta fi nafilar da aka maimaita bukatar mai yi.

Sai dai a yi shi da tsari. An gwada asusun magani mai juyawa tun bayan taron Bamako na 1987, watau a zuba jari a sayi magani, a sayar da rangwame, a sake sayowa da kuɗin. A wurare da yawa ya mutu, don an ci uwar kuɗin ko an yi ta ba da bashi ga masu hali. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin yadda jari ke karyewa. Saboda haka kada a miƙa kuɗi a juya baya. A sa naziri amintacce, a rubuta sharuɗɗa a gaban shaidu da hakimi, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku.

Saura magana guda da ba zan tsallake ba, domin na ji ana fakewa da ita. Wasu mazaje sun tsinci cewa Muhtasar na Halilu bai lissafa kuɗin magani cikin ciyarwar da ta wajaba ga miji ba, sai suka mai da wannan garkuwa. Gaskiya ne haka mashahurin zance yake. Amma littafin nan dai shi ya wajabta wa miji ladan ungozoma, kuma an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam, cikin manyan Malikiyya, cewa kuɗin likita da na magani suna kan miji, malamai da dama na wannan zamani kuma sun rinjayar da haka, tun da magani a yau ya zama kamar ci da sha. Ko da ma an bar wannan saɓani, babu malamin da ya ce miji yana da ikon hana matarsa fita neman magani alhali ana jin tsoron halakarta. Mace ta kwana biyu tana naƙuda ana jiran maigida ya dawo daga Maraɗi ya ba da izini, wannan al'ada ce, kada a jingina ta ga shari'a. Mai yawan tafiya ya bar izininsa a gida tun kafin ya fita, ya bar kuɗin mota a hannun wanda ya amince da shi. In kuma babu likita mace, lalura ta halatta namiji ya duba ta gwargwadon bukata.

Ina roƙon limaman Juma'a na Jibiya da kewaye su keɓe huɗuba guda ga wannan al'amari kafin damina ta kankama, lokacin da zazzaɓi da tamowa ke haɗuwa a kan yara. Bayan an sallame, a tsayar da mutum biyar, a cikinsu a sami ɗan kasuwa da ma'aikaci da wakiliyar mata, su je asibitin mazaɓarsu da rana su kuma koma da dare, su zauna da mai kula da shi su ji abin da ya rasa, su rubuta su kawo wa jama'a a Juma'a ta gaba. Wanda ya yi haka a garinsu ya aiko mini da abin da suka tarar ta hannun edita, zan buga shi a wannan fili ba tare da ambaton sunan kowa ba. Maganar bashi da ƙarin farashi kuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.